Karatun likitan dabbobi: Abin da ya kamata iyaye su sani kafin su hana 'ya'yansu

 

A makon da ya gabata wata dattijuwa da ta saba sayen maganin hawan jini a kantin maganin da nake aiki a nan Abuja ta shigo fuskarta ba walwala. Muka gaisa, na ba ta maganinta, amma ta tsaya ba ta tafi ba. Can sai ta ce, "'Yata, ke da kika yi karatun magani, ki ba ni shawara. Autata ta nemi karatun likita, makinta bai kai ba, sai jami'a ta ba ta gurbin likitan dabbobi. Mahaifinta ya ce ba zai yi shekara shida yana kashe kuɗi don 'yarsa ta ƙare a bin awaki da karnuka ba. Ita kuwa yarinyar tana so, yau kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki."

Na ce, "Hajiya, shin Alhaji ya san abin da ake koya musu a shekara shidan nan?" Ta yi shiru, sannan ta ce gaskiya ko ita ba ta sani ba.

Na san ba gidan Hajiya kaɗai ake wannan muhawara ba a duk lokacin da jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka. Shi ya sa na ga ya dace wannan makon mu duba yadda ake horar da likitan dabbobi, da abin da ake sa ran ya iya ranar da ya kammala, da kuma inda aikinsa ya haɗu da lafiyar iyalinku. Duk hukuncin da za a yanke wa yaro, gara a yanke shi bisa sani.

Me ya kawo dabbobi shafin lafiyar iyali?

Wani zai ce ina ruwan wannan fili da lafiyar dabbobi. Ku duba tukunyarku ta yau. Naman da ke ciki daga mayanka ya fito, ko ta Karu, ko ta Kubwa, ko ta Gwagwalada. Ƙwan da yara suka ci da safe daga gonar kaji yake. Nonon da aka dama fura da shi daga ruga aka kawo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama hanyar da cuta za ta bi ta shigo gida. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na ƙwayoyin cututtukan da ke kama mutane daga dabbobi suka samo asali, haka ma kusan kashi 75 cikin 100 na sababbin cututtukan da ke ɓullowa.

Mazauna Abuja ba za su manta da watan Yulin 2023 ba, lokacin da gwamnati ta tabbatar da ɓullar cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona a Gajiri da ke Ƙaramar Hukumar Suleja a Jihar Neja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Dabbobi ne suka riƙa mutuwa, jini na fita ta hanci da sauran kafofin jikinsu. Likitocin dabbobi ne suka ɗauki samfur, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ta tabbatar da cutar, aka killace gonar, aka shiga yi wa dabbobi allurar riga-kafi. Ku tuna da al'adarmu ta cewa a yi maza a yanka dabba kafin ta mutu. Da an yi hakan, naman ya shiga kasuwa, da mahauci da mai girki da mai ci duk suna cikin haɗari, domin cutar tana kama mutum, kuma ƙwayarta tana iya shekaru masu yawa a cikin ƙasa ba ta mutu ba.

Kafin wannan, a watan Fabrairun 2006, an gano murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da nau'inta na H5N1 a nahiyar Afirka. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kimanin kashi 40 cikin 100 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Hanyar da ta fi inganci wajen tare shi ita ce a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, wannan kuwa aikin likitan dabbobi ne.

Ƙofar shiga

Sharuɗan shiga wannan karatu daidai suke da na likitan mutane. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. A jarrabawar JAMB kuma ɗalibi zai rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Wanda ya shiga ta JAMB shekara shida zai yi. Wanda ya shiga kai tsaye zuwa aji biyu da wata takardar shaida da jami'a ta amince da ita zai yi biyar. Digirin da ake bayarwa shi ake kira DVM, kuma mai shi da laƙabin Dakta ake kiransa.

Karatun ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun a 1924 aka kafa cibiyar Vom domin yaƙi da bushiya, annobar da ta ƙarar da shanun makiyaya a shekarun 1890, ta kuma sake yin ɓarna a Najeriya a farkon shekarun 1980. A 2011 aka ayyana cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu ke nan da aka taɓa yi wa haka bayan agana. Jami'ar Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun fara koyar da likitancin dabbobi tun shekarun 1960. A yau akwai tsangayoyinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da ta Jos, da ta Ilorin, da ta Nsukka, da jami'o'in aikin gona na Makurdi da Abeokuta da Umudike, sai kuma tamu ta nan gida, Jami'ar Abuja, wadda ke da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada.

Yadda shekara shidan take

Tsarin yakan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma matakan iri ɗaya ne. Shekarar farko ta kimiyya ce zalla, tare da sauran ɗaliban kimiyya. Wanda ya tsallake ta sai ya shiga tsangaya.

Mataki na farko shi ne sanin lafiyayyen jiki. A nan ɗalibi ke koyon ƙirar jikin dabba ta hanyar feɗe gawa, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran jiki, da kuma dabarun kiwo da abincin dabbobi. Ɗalibin likitan mutane jiki iri ɗaya yake haddacewa. Shi kuwa wannan sai ya san na saniya da tunkiya da akuya da doki da jaki da raƙumi da kare da kyanwa da alade da kaza, har da kifi. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, na doki ɗaya ne, kuma doki ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki ke saurin kashe shi. Zafin jikin lafiyayyar kaza yana kai wa digiri 41, wanda a jikin yaronku zazzaɓi ne mai tayar da hankali. Haka nan tun a wannan mataki ake koya masa yadda zai kama dabba ya ɗaure ta ba tare da ya ji mata ciwo ko ta ji masa ba.

Mataki na biyu shi ne sanin cuta. Ana koyon yadda cuta ke lalata gaɓoɓi, da ƙwayoyin cuta waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu, da tsutsotsin ciki da kaska da ƙudan tsando mai kawo sammore, da ilimin magunguna da guba. Ɗalibi zai koyi duba jini da kashi da fitsari a ɗakin gwaji, ya kuma koyi feɗe dabbar da ta mutu domin gano abin da ya kashe ta. A cikin darasin ne zai ji cewa akwai gawar da ba a feɗewa sam, irin wadda ake zargin ciwon saifa ya kashe.

Mataki na uku, wato shekaru biyun ƙarshe, na asibiti ne. Akwai duba marar lafiya da ba shi magani, da tiyata da hoton ƙashi, da ilimin haihuwa, da kuma lafiyar al'umma. A asibitin koyarwa ɗalibai kan yi zagaye sashe bayan sashe a ƙarƙashin malamansu. Sukan fita rugage da gonakin kaji, su kuma yi sammako zuwa mayanka domin koyon duba dabba kafin yanka da duba nama bayan yanka. Ɗaya daga cikin tiyatar da suka fi gani a biranenmu ita ce buɗe tumbin saniya ko tunkiya a ciro ledojin da ta haɗiya a bola, waɗanda suka cushe cikinta har ta daina cin abinci tana ramewa. A shekarar ƙarshe kuma kowane ɗalibi zai yi bincike ya rubuta kundi.

A ƙarshen kowane mataki akwai babbar jarrabawa, ta rubutu da ta baki da ta aiki da hannu, kuma malamai daga wasu jami'o'i kan zo su sa ido. Wanda ya faɗi sai ya sake, wani ya maimaita aji, wani ma a sauya masa fanni. Don haka duk wanda ya ɗauka wannan karatu wurin hutu ne ga wanda bai samu gurbin likitan mutane ba, ya yi kuskure.

Inda aikina ya haɗu da nasu

Zan ɗan tsaya a kan ilimin magunguna, domin nan ne fagena. Ni kaina lokacin da nake jami'a ina cikin masu yi wa ɗaliban likitan dabbobi kallon waɗanda suka rasa abin da suka nema. Ranar da na buɗe littafin magunguna na wata ƙawata da ke can ne na daina. Maganin da ni na haddace adadinsa ga babba da yaro, ita sai ta haddace shi ga dabba iri bakwai ko takwas, da wadda zai warkar da wadda zai kashe. Farasitamol ɗin da kuke ba yaro in yana zazzaɓi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi.

Duk shekara idan Babbar Sallah ta gabato, sai wani ya zo kantinmu ya ce ragonsa na tari ko zawo, a ba shi kafso mai ja da rawaya ko allura. Masu kiwon kaji a bayan gida su ma sukan saya su zuba a ruwan sha. Abin da ba su sani ba, kuma likitan dabbobi ya sani, shi ne kowane maganin da ake ba dabbar da za a ci yana da kwanakin jira, wato lokacin da dole a bari ya fice daga jikinta kafin a yanka ta, ko a sha nononta, ko a ci ƙwanta. Wasu alluran sai an jira makonni. Idan aka yi wa rago allura ana jibi Sallah, to da ragowar maganin iyali za su ci naman.

Illar ba ta tsaya nan ba. Yawan ba dabbobi magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai yana sa ƙwayoyin su saba da maganin, su daina jin sa. Irin waɗannan ƙwayoyi suna iso mana ta nama da ruwa da taki, sai yaro ya kwanta asibiti a ba shi maganin da ya kamata ya yi aiki ya ƙi yi. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Idan na ƙi sayar wa mai rago kafso na ce ya nemi likitan dabbobi, wannan nake gudu.

Abin da ake sa ran ya iya tun ranar farko

A 2012 Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedikwata a birnin Faris, ta fitar da jerin ƙwarewar da ta ce kowane sabon likitan dabbobi, a kowace ƙasa yake, ya kamata ya fito da ita daga jami'a. Ga su nan a taƙaice, kuma ku ma kuna iya auna duk likitan da ya zo gidanku ko gonarku da su.

Na farko, ya gane cuta, ya san yadda take yaɗuwa a cikin garke da tsakanin garuruwa, musamman cututtukan da ke tsallake iyakar ƙasa irin su boru da ciwon huhun shanu da murar tsuntsaye. Ya san waɗanda doka ta wajabta a kai rahotonsu ga hukuma nan take, da kuma wurin da za a kai.

Na biyu, ya san cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, ya iya faɗa wa iyali yadda za su kare kansu. Misali bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, tana kama mutum ta hanyar nonon da ba a tafasa ba, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda sau da yawa ake ɗauka maleriya ce ko taifot. Tarin fuka na shanu shi ma ta nono yake bi.

Na uku, ya iya duba nama da nono da ƙwai ya ce wannan ya dace a ci, wannan bai dace ba. A nan ake gwada gaskiyarsa. Ranar da ya ga huhun sa cike da ƙullutun tarin fuka, ga mahauci ya zuba jarinsa a kai yana roƙo, ga kuma mutane sun taru, sai ya iya cewa a'a.

Na huɗu, ya san magunguna da alluran riga-kafi, da yadda ake adana su cikin sanyi, da kwanakin jiran da muka ambata. Na biyar, ya san haƙƙin dabba: yadda ake ɗaukar ta a mota, da yadda ake ɗaure ta, da yadda ake yanka ta ba tare da azabtarwa ba. Duk wanda ya taɓa zuwa karar Dei-Dei ya ga yadda ake sauke shanu daga tirela ya san akwai aiki a nan. Na shida, ya san doka da ladubban sana'a, kada ya sa hannu a takardar shaidar lafiyar dabbar da bai duba ba.

Na ƙarshe shi ne iya magana da mutane. Marar lafiyarsa ba ya magana, don haka duk tarihin ciwon daga bakin mai dabba zai fito. Likitan da ya iya zama da Bafulatani a ruga ya gaishe shi yadda ya kamata, ya saurare shi, ya yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci, ya fi samun gaskiyar abin da aka riga aka ba dabbar. A wannan fanni 'ya'yanmu suna da fifikon da ba a koyarwa a aji.

Ku binciki amincewar hukuma kafin ku biya kuɗi

Ga wani abu da bai kamata ku yi sakaci da shi ba. Hukumomi biyu ne ke tantance wannan karatu: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, wato VCN, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. Ita VCN ce ke rantsar da waɗanda suka kammala, ta sa sunansu a rajista, ta ba su izinin aiki, ita ce kuma ke hukunta wanda ya saɓa wa ƙa'ida. Digiri daga tsangayar da ba ta amince da ita ba ba zai ba mutum damar yin aikin likita ba.

Mun ga misalin haka a garin nan. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kwasa-kwasai huɗu a Jami'ar Abuja saboda matsalar tantancewa, wato likitancin mutane da likitancin dabbobi da injiniyanci da aikin gona. Ɗalibai da iyayensu sun sha wuya, wasu sun yi asarar shekaru. Daga baya an gyara, kuma yanzu tsangayar tana yaye likitoci ana rantsar da su. Darasin dai shi ne, kowace jami'a ce ta ba ɗanku gurbi, sabuwa ko tsohuwa, ta gida ko ta waje, ku tambaya ko VCN ta amince da kwas ɗin a halin yanzu, ko akwai asibitin koyarwa da gonar koyarwa. Tambayar ba ta cin kuɗi.

Wannan rajista ita ce kuma ke raba likita da wanda ba likita ba. Akwai malaman dabbobi da suka yi difiloma a kwalejojin lafiyar dabbobi irin ta Vom. Suna da horo, aikinsu na da muhimmanci ƙwarai musamman a karkara, amma a ƙarƙashin kulawar likita ya kamata su yi shi. Akwai kuma masu yawo da jaka cike da allurai a kasuwannin dabbobi, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, amma ana kiransu dakta. Kuna da damar tambayar duk wanda zai taɓa dabbarku inda ya yi karatu da lambar rajistarsa. Na gaskiya ba zai ji haushi ba.

Bayan an kammala, ina aiki?

Wannan ita ce ainihin damuwar Alhaji, kuma tambaya ce mai kyau. Bayan rantsuwa da hidimar ƙasa, hanyoyin suna da yawa. Akwai ma'aikatun gona na jihohi da na Birnin Tarayya, da sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024. Akwai cibiyar Vom, da hukumar killace dabbobi da tsirrai da ke aiki a filayen jiragen sama da kan iyakoki, da NAFDAC wadda ke da sashen kula da magungunan dabbobi. Soja da 'yan sanda suna ɗaukar likitoci saboda karnuka da dawakinsu. Akwai koyarwa da bincike a jami'a, da kamfanonin abincin kaji da na magunguna, da gonakin kaji da kifi da suka cika yankunan Kuje da Gwagwalada. A cikin garin Abuja kuwa akwai asibitocin dabbobi masu zaman kansu da ke kula da karnuka da kyanwoyi. Wanda ke son ƙwarewa a fanni ɗaya, kamar tiyata ko lafiyar al'umma, yana iya ci gaba da karatu.

Amma ba zan ɓoye muku ba, guraben gwamnati ba su da yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda suka kammala da kansu suke kafa sana'a. Mutanenmu da yawa har yanzu ba su saba biyan likita saboda dabba ba, sai ciwo ya yi nisa. Aikin akwai rana da wari da jini da kashi. Sa na iya harbi, kare na iya cizo, cuta na iya tsallakowa kan likitan kansa, ga kuma matsalar tsaro da ta sa shiga wasu rugage ya zama haɗari.

Wasu iyayen kuma suna damuwa da batun taɓa kare da alade. Gaskiya ne suna cikin manhaja, kuma ɗalibi zai yi aiki a kansu, da safar hannu da rigar aiki. Hukuncin wannan na malamai ne, ku tambaye su. Abin da zan iya cewa shi ne Musulmi maza da mata masu yawa sun yi wannan karatu a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, wasunsu yanzu farfesoshi ne. Ga 'ya mace kuwa akwai wata fa'ida: a gidajenmu yawanci mata ne ke kiwon awaki da tumaki da kaji, kuma likita mace tana shiga inda namiji zai tsaya a zaure.

Wane yaro ne ya dace da shi?

Shawarata ga iyaye ita ce ku duba yaron kafin ku duba sunan kwas. Yana da ƙarfi a Bayoloji da Kemistiri? Yana da haƙurin dogon karatu? Yana ƙyamar dabba ko yana sha'awarta? Idan rago ya ƙi cin abinci a gida, shi ne ke fara lura? Wanda zuciyarsa ke kan likitancin mutane kawai, ya shiga wannan da niyyar sauyawa daga baya, ya sani cewa sauyin ba shi da tabbas, kuma shekara shida ba ta yi wa mai karatun dole daɗi. Irin wannan gara ya sake rubuta JAMB. Amma wanda yake so, kuma yana da ƙoƙari, hana shi saboda abin da dangi za su ce zalunci ne a gare shi, asara ce kuma ga al'ummar da dukiyarta da abincinta suka dogara da kiwo.

Abin da na ce wa Hajiya shi ne ta roƙi Alhaji su ɗauki yarinyar su je asibitin koyarwa na dabbobi da ke Gwagwalada, su nemi izini su ga yadda ake aiki, su yi magana da malamai da ɗaliban ajin ƙarshe, tun da gani ya kori ji. In yarinyar ta ga jini da warin wurin ta ce har yanzu tana so, to sun samu amsa. In kuma ta ja da baya, sun huta da gardama. Ta ce za ta gwada shawo kansa, kuma ina jiran ta dawo sayen magani in ji yadda suka ƙare.

Kafin mu rabu, ga tunatarwa uku ga kowane gida. Ku tafasa nono kafin a sha. Kada ku yanka dabbar da ke fama da ciwon da ba ku san kansa ba, ku kira likitan dabbobi ya duba ta. Idan kuma kare ko kyanwa ta ciji wani ko ta yakushe shi, ku wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ku garzaya asibiti a ranar domin a duba batun allura, kada ku jira alama ta bayyana.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.